Laraba Ta Rasu, Ni Kuma Sai Abbatuwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hancin da har yanzu ƙaurin ƙonanniyar roba bai sake shi ba, ni Sharafaddeen, ɗan Malam Abdulfatah tela na Dilimi a nan Jos, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda na taɓa buga wa takarda, rasuwar kwamfutata kuma abokiyar zamana, Laraba. Ta cika ranar Alhamis, sha huɗu ga Agusta, 2008, da hantsi, ana yayyafi. Ba ta yi doguwar jinya ba. Minti goma sha ɗaya. Na duba agogo.

Da biro na rubuta wannan sanarwa. Mai buga ta ita ce ta rasu.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce ai akwatin ƙarfe ne, a sayi wani. To ya saurara. Shekara uku ke nan da na gama sakandare. Da sakamakon jarrabawar Wayek ya fito, Baba ya sa tabarau ya duba, ya cire tabarau ya sake dubawa ko zai gyaru. Bai gyaru ba. Kawu Bala, wan Inna, mahauci ne a Abbatuwa, tun ina aji uku yake cewa teburinsa na jirana. Ni kuwa aikin zaune nake so, da riga mai aljihun biro. Yaya Ummusalma, wadda ke karatu a jami'a can Naraguta, ita ta roƙar mini arziki. Baba ya sayar da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkinsa biyu, ya sayo mini kwamfuta 'yar Beljiyam a shagon Oga Anene mai gyara, kusa da kasuwar Taminus, ya yanka mini lungu a shagonsa da labule. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: "Muddin akwatin nan yana numfashi, zauna ka buga takardunka. Ranar da ya daina, sai wurin kawunka."

Baba ba ya magana biyu. Ko a awon wando.

Saboda haka mutuwa ɗaya aka yi, amma gawa biyu ce. Ɗayar ce take rubutu.

Ba a sanar da rasuwa ba tare da cikakken suna ba, a nan kuwa na sha wuya. A goshin marigayiya akwai 'yar takarda mai sheƙi, an rubuta Pentium 4. Idan ta farka, baƙin allo yana cewa 1.8A. Oga Anene yana ce mata Fi-Fo. Baba yana ce mata akwati. Kawu Bala yana ce mata talabijin ɗin malalata. Ni dai ranar Laraba ta shigo shagonmu, na sa mata Laraba, na huta.

Mu nan suna yana gaya maka wani abu. Ka ji Laraba, ka san ranar. Ka ji Gambo, ka san akwai tagwaye a gabansa. Ka ji Tanko, mata ne suka riga shi. Ka ji Auta, an rufe ƙofa. Dangin marigayiya kuwa, Allah ya kyauta. Ina nufin furosesa, ɗan ƙarfen nan mai kamar biskit da ke zaune a ƙirjin kowace kwamfuta, shi ne ƙwaƙwalwarta, da sunansa ake kiranta. An haifi Pentium, sai na biyu, sai na uku, sai na huɗu. Har nan lafiya. Ko ni da na ci F9 a lissafi na san abin da ke gaba. Na zauna jiran biyar. Biyar bai zo ba. Sai aka ce ga Core 2. Daga aji huɗu an koma aji biyu, kuma wai ƙarin girma ne.

Akwai Core Duo, tagwaye ne. Akwai Core 2 Duo, su ma tagwaye ne, biyu, kada ka ninka. Akwai Core 2 Solo: biyu, shi kaɗai. Wannan bawan Allah ya daɗe yana damuna. Pentium D tagwaye ne. Celeron D kuwa, da D ɗinsa ɓaro-ɓaro a goshi, tilo ne. Pentium Dual-Core kuma daban yake da Pentium D, kada ka kuskura ka haɗa su a gaban Oga Anene, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ka. Sai 'yan ɗaya gidan, su Athlon. Wanda aka rubuta wa 2400 da alamar tarawa, gudunsa dubu biyu ne cif. Na tambaya ina sauran ɗari huɗun. Oga Anene ya ce wannan lamba ba gudunsa ba ce, gudun wanda yake jin zai iya kayarwa ce. Wato kirari. Likita ya tambaye ka shekarunka, ka miƙe ka yi masa kirari.

Cikin irin wannan dangi marigayiya ta fito, amma ba ta ɗauko halinsu ba.

Ta kasance mai haƙuri, ta kuma koya wa jama'a haƙuri. Idan na danna mata maɓalli da safe, sai ta ce "tit", guda ɗaya, gajere, kamar mai amsa sallama daga ɗaka. Sai "ƙurrr, ƙaƙaƙa, ƙurrr", tana miƙa. A wannan tazara nakan share shago, in sayo ƙosai, in gaida maƙwabta. Ina dawowa sai in ji "tin-tirin-tin-tin", ta shirya. Shekara uku ba ta taɓa canja wannan waƙa ba, ni ma ban taɓa gajiya da ita ba.

Ta buga katin biki ya fi ɗari, wasu auren sun ɗore. Ta buga takardar neman aiki ga rabin samarin Dilimi, kuma ba laifinta ba ne da ba a kira su ba. Ta yi kalandar ango da amarya, ta saka su a gaban gidan bene da jirgin sama, alhali a bakin kwata aka ɗauki hoton. Ta san asirin 'yan acaɓa biyar da suke rubuta wa yarinya ɗaya wasiƙa, ba ta taɓa tona ko ɗaya ba. Ɗalibai sun kawo mata cuta iri-iri a cikin filashi, ta yi zazzaɓi ta tashi. Idan kasuwa ta mutu mukan buga karta ni da ita. Tana cinye ni, ba ta dariya. Nan duniya ban san wani mai wannan hali ba.

Aibinta ɗaya, kuma na yafe. Duk sunan da na buga na mutanenmu, sai ta ja masa jan layi a ƙasa. Har nawa. Shekara uku muna tare, ba ta taɓa yarda Sharafaddeen suna ne ba.

Wajibi ne in ambaci fankarta, wadda ta riga ta komawa tun bara waccan. Fankar ta fara kuka kamar injin markaɗe, Baba ya ce ba ya jin kekensa. Na zare mata waya. Oga Anene ya ce in sayi wata. Na ce a ina muke? Jos ce. Garin da man kaɗanya ke daskarewa a cikin kwalba, garin da ɗan Sakkwato ke zuwa hutu ya koma da mura. Mutanen Legas su sayi fanka. Na cire murfin gefe, na juya marigayiya ta fuskanci taga, Allah ya ci gaba da yi mata fifita kyauta. Shekara biyu haka, ko gumi ba ta yi ba. Wannan nasara ita ta lalata ni.

Ga yadda ciwon ajali ya faro. A watan jiya wani ya buɗe shago a tsallaken titi da sabuwar kwamfuta, cikin tagwayen nan. Kafin Laraba ta gama miƙa, ya sallami mutum uku. Masu zuwa wurina suka fara gaishe ni daga nesa. Yaya Ummusalma ta kawo kundin bincikenta na ƙarshe, shafi casa'in da taswirori, marigayiya ta buɗe shi ta tsaya cak, kamar wadda aka yi wa tambaya a gaban surukai. Baba bai yi faɗa ba. Ya dai fara cewa, ba tare da ya ɗaga kai daga keke ba, "Kawunka yana gaishe ka." Kullum. Wani lokaci sau biyu.

Sai na yi shawara da zuciyata, wadda ba ta taɓa ba ni shawarar kirki ba. Zan sauya wa Laraba ƙwaƙwalwa, ni kaɗai, da hannuna. Ta yi gudu, kasuwa ta dawo. Sannan in Oga Anene ya ga aikin, ya ɗauke ni koyon gyara, sharaɗin Baba ya mutu murus. Wuƙa ta nemi wani.

Na je shagonsa da wayata a hannu, don musaya. A cikin gilashi ga furosesa uku jere, duka Pentium 4, duka 2.8. Ɗaya A, ɗaya C, ɗaya E.

Jama'a, ku yi mini adalci. Mutumin da ya zauna Wayek, ka ajiye masa A da C da E, ka ce ya zaɓa. Na san C, mun gaisa sau biyu. Na san E, mun yi zaman amana. A kuwa bai taɓa shigowa gidanmu ba sai ta hanyar Laraba. Ga shi kuma ita ma A ce. Takwara. Jini ɗaya, in ji ni. Na nuna shi da yatsa.

Oga Anene ya ce, "Sharafa, kawo bod naka in gani tukuna." Bod shi ne babban koren faifan da komai na cikin kwamfuta yake zaune a kansa.

Na ce, "Oga, na duba."

"Ka duba mene?"

"Ƙafafu. Ɗari huɗu da saba'in da takwas. Daidai da nata."

Gaskiya ne na ƙirga. Sau biyu. Na samu amsa biyu, na ɗauki wadda ta yi daidai da ta jikin kwali.

Ya ce, "Wannan abu ba Wayek ba ne o. Kuma ka saya fanka?"

Na ce, "Oga, Jos ce."

Ya dube ni, ya dubi wayar, ya dubi sama. Ya naɗe mini A a takarda.

Ranar Alhamis na yi sammako. Na wanke hannu. Na buɗe taga har ƙarshe, sanyin Agusta ya shigo da yayyafinsa. Na ɗaga ɗan hannun da ke riƙe tsohuwar ƙwaƙwalwa, na cire ta, na sa sabuwa. Ta zauna ɗas, kamar don ita aka yi gurbin. Akwai wani farin mai da ake shafawa a kai kafin a ɗora ƙarfen sanyaya. Ba ni da shi. Ina da man goge baki. Fari ne, kuma kowa ya san yana da sanyi.

Na danna.

"Tit."

Ban ko kai ga tsintsiya ba na ji "tin-tirin-tin-tin". Wallahi sai da na waiwaya in ga ko wata ce ta shigo. Na buɗe kundin Yaya, shafi casa'in, ya buɗe kamar an yaye labule. Na buɗe kalanda. Na buɗe karta. Na sa waƙa a kai. Na buɗe abin da ban ma san amfaninsa ba, don dai in ga ya buɗe. Laraba tana gudu kamar 'yar acaɓar da ta hango fasinja. Ni da ba na dariya, na yi dariya har da buga tebur. Na leƙa ta taga na ɗaga wa na tsallaken titi hannu, da dukan yatsu biyar, Allah ya yafe mini. Na kira Baba ya zo ya ga A.

Baba ya ɗaga labule. Bai dubi allo ba. Ya shaƙi iska. Ya ce, "Wa ya bar dutsen guga a kan shaddar Alhaji?" Ya koma da gudu.

Ba shaddar Alhaji ba ce.

Kibiyar allo ta tsaya. Waƙar ta maƙale a kan kalma ɗaya, tana ta nanata ta. Sai marigayiya ta yi wani kuka da ban taɓa ji daga bakinta ba: "Tiiiiit. Tiiiiit. Tiiiiit." Na ɗauki faifan Inna na hau fifita. Na hura da baki. Na roƙi garin Jos ya yi aikinsa. Sai "fat!", sai "fat-fat!", 'yan gwangwanayen da ke tsaye a kan bod suna fashewa kamar gugguru. Wani siririn hayaƙi shuɗi ya tashi, ya bi ta tagar da na buɗe masa. Allo ya yi baƙi. A cikin baƙin na ga fuskata riƙe da faifai.

Na rungume ta a kan cinya, ɗan acaɓa ya kai mu Taminus, ina ce masa ya bi a hankali, yana ce mini ai mai shi ya riga ya tafi. Oga Anene ya ɗaga ƙarfen sanyaya. Ya sunkuya. Ya shinshina. Ya daɗe a sunkuye.

Ya ce, "Wane ne ya goge masa haƙori?"



Sannan ya yi mini bayanin da zan tafi da shi kabari. A ɗin Laraba, in ji shi, na wani zamani ne, alama ce ta 'yan ɗaki masu sanyin hali, masu cin wuta kaɗan. A ɗin da na saya kuwa na wani ɗakin ne daban, 'yan baya, masu cin wuta kamar gidan biredi, masu zafi ko da fanka biyu. Harafi ɗaya, uwa daban. Tsohon bod ɗinta ya yi ta ɗebo masa wuta har ƙarfinsa ya ƙare. Na ce to da E na ɗauka fa? Ya ce E ai ɗan ɗakin su wannan A ɗin ne. Na ce C? Ya ce C shi ne ɗan ɗakin su Laraba na gaskiya, amma bod ɗinta ba zai iya tafiyarsa ba.

Wato tambayar zaɓi aka ba ni, amsar kuma ba ta cikin zaɓin. Amsar ita ce kawo bod naka in gani.

Ya ce irin wannan bod ya daina shigowa, in ma ya shigo, wata kwamfutar ce ba Laraba ba. Baba kuma na san shi. Akwatin nan ya ce. Ba wani akwati ba.

A nan iyalan marigayiya suke so a wanke wasu da ake zargi. Masu wuta ba su da hannu, wuta tana nan lafiya lau a wannan safiya, abin da ya ba kowa mamaki. Oga Anene ba shi da hannu, ya yi magana sau biyu. Garin Jos ya yi iya ƙoƙarinsa. Masu raɗa wa furosesa suna, su ma ban ce su suka kashe ta ba. Ni na kashe ta. Ina dai roƙon a gaya musu, duk inda suke, cewa akwai wanzamai da malamai a Dilimi da za su yi musu wannan aiki ranar bakwai, a kan goro da 'yar waina.

Marigayiya ta rasu ta bar monita ɗaya, mai ƙaton ƙeya, yana nan zaune yana kallon bango. Ta bar kibod wanda harafinsa na E ya goge, sai wanda ya san wurin. Ta bar maus da ƙwallonsa. Ta bar firinta, wadda dama ba su cika jituwa ba, amma tun ranar ba ta ci takarda ko ɗaya ba. Ta bar rumbun ajiyarta da ransa, kundin Yaya Ummusalma yana ciki lafiya, Oga Anene ya kwashe mata shi a faifan sidi. Yaya ta zo ta'aziyya, ta karɓi faifan, ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Sharafa," ta tsallaka titi da shi. Ina kallo.

Ta bar tsohuwar ƙwaƙwalwarta, 1.8A, lafiyarta ƙalau, a cikin kwalin ashana, ba gidan komawa. Sabon A ɗin ma yana nan. Ko tari bai yi ba. Haka masu irin wannan hali suke.

Ta kuma bar ni.

Da yammacin ranar Alhamis ɗin na samu Baba a kan keke. Na ce tunda abokiyar zama ce ta rasu, ina ganin ya kamata in shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba fita. Ya ce namiji ba ya takaba. Na ce to arba'in. Ya ci gaba da taka keke. Na ce bakwai. Ya ciji zare ya tofar. Ya ce, "Uku. Don Innarka ta ce idonka ya yi ja."

Kwana uku. Na ga saura dabara ɗaya. Zan kwance gawar a gaban shaidu, gaɓa-gaɓa, yadda Oga Anene zai ga hannuna ya manta da man goge baki. Na roƙe shi ya zo ranar Juma'a bayan an sauko. Ya zo. Abin da ban shirya masa ba shi ne Kawu Bala, wanda ya iso ta'aziyya da babbar riga da ƙullin hanta a leda. Ya zauna a kan benci, ya ce, "Ashe talabijin ta riga mu. Sannu, ɗana. Haka duniya take." Fuskarsa ba ta yi kama da ta mai ta'aziyya ba.

Na shimfiɗa buhu. Na kwantar da ita. Na kwance murfin da ya rage ban yi masa ko ƙwarzane ba, na jingine shi gefe. Na bi wayoyin ciki ɗaya bayan ɗaya, na warware su ban tsinka ko ɗaya ba, na naɗe su. Na zare rumbu, na zare akwatin wuta, na ɗaga bod da hannu biyu. Kowace ƙusa da murfin kwalbarta. Kowace gaɓa da kashinta a kan buhu, manya a dama, ƙanana a hagu. Ban yi gaggawa ba. Tunda aka haife ni ban taɓa yin aiki mai kyau haka ba. Na ɗaga kai ina neman idon Oga Anene.

Idon Kawu na samu. Ya miƙe tsaye. Idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, "Malam, ka gani? Ka ga fiɗa? Fata ba tsaga. Hanji bai fashe ba. Dubi kashi, dubi yadda ya kasa! Shekara talatin ina neman mai hannu haka, ashe yana nan bayan labule yana buga wa mutane katin biki. Wannan ai jininmu ne, na wajen uwa!"

Na ce, "Kawu, gyara ne."

Ya ce, "Gyara? To mayar da ita ta tashi."

Na juya wajen Oga Anene. Ya sosa gemu. Ya ce, "Malam, gaskiya yaro yana da hannu." Zuciyata ta yi tsalle. Ya ce, "Kunne ne ba shi da shi. A wurin nawa, hannu ba kunne, kullum hayaƙi. A wurin Oga Bala, abin ya riga ya mutu kafin ya taɓa."

Baba ya cire tabarau ya sa a aljihu. Ya ce, "Litinin."

Kawu ya bar mana hantar. An soya. Na ci, ba zan yi ƙarya a sanarwar rasuwa ba.

Ga tsarin jana'iza.

Ba za a yi mata salla ba. Na tambayi liman, ya tambaye ni ko ina shan wani abu. An riga an yi mata wanka da burushi da tsumma. Na so a kai bod ɗin Naraguta a sake shi a kududdufin da masu haƙar kuza suka bari, ƙarfe ya koma inda ƙarfe ya fito, amma Inna ta ce ba da ɗanta za a je bakin ruwan nan ba. Saboda haka za a miƙa shi ga mai jari-bola gobe Asabar da ƙarfe goma, a ƙofar shagon Baba. Ana roƙon masu rakiya su tsaya daga nesa lokacin da zai ɗora shi a sikeli. Gangar jikin kuwa Inna ta karɓa, ta ce kazarta ta daɗe tana neman wurin ƙwai mai iska ta gefe.

Ana zaman makoki a bayan labule har zuwa la'asar ɗin Lahadi. Ba a buƙatar abinci. Ba a buƙatar shawara. Duk wanda ya san bambancin Pentium D da Pentium Dual-Core ya riƙe abinsa, an gode. Na tsallaken titi zai iya zuwa, amma kada ya ambaci tagwaye.

Daga Litinin, mai son yi mini gaisuwa ya same ni a Abbatuwa, layi na biyu, teburin Kawu Bala, daga an idar da sallar asuba. Na yi wa kaina ta'aziyya da cewa a can dai hanta hanta ce, ƙoda ƙoda ce, babu saniya mai alamar tarawa. Sai Kawu ya fara yi mini bita: abu ɗaya a cikin cikin saniya, Inna ta ce tumbi, wata ta ce shaki, matar Oga Anene ta ce tawul, hanji kuma akwai masu ce masa randabawul. Ya ce kada in damu, a hankali zan riƙe.

Akwai abu guda da Kawu bai sani ba, Inna kaɗai ta sani, kuma yanzu ku. Ban taɓa ganin an yanka ko kaza ina tsaye na ƙare a tsaye ba. Don haka in kun zo ba ku gan ni a bakin tebur ba, ku duba ƙarƙashinsa. A yayyafa ruwa, a kira sunana, a yi haƙuri. Ina ɗan jimawa kafin in tashi.

Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Sanarwa daga Sharafaddeen Abdulfatah, Dilimi, a madadin monita da sauran iyalai.